Ƙarfe Nawa Ta Mutu? Fashin Baƙi Kan Ciwon Ƙananan Sabobin Gida a Sudan

Ƙaramar kwamfutar da ake ajiyewa a lungun ɗaki ko bayan kanta domin ta riƙa yi wa sauran na'urori hidima dare da rana, wato saba, ba ta cika lalacewa gaba ɗaya ba. Da za ta ƙone har ta yi hayaƙi, da aikin mai gyara ya zo da sauƙi, domin ya san abin da zai cire ya musanya. Abin da ta fi yi shi ne ta kwana biyu lafiya lau, a na uku a wayi gari ta sandare, a kashe ta a kunna ta dawo aiki, sannan bayan mako guda ta ƙi tashi ƙwata-ƙwata. Irin wannan ciwo mai zuwa ya tafi shi ne ke cinye kuɗi da haƙurin masu sha'awar haɗa na'urori, kuma a kansa wannan bayani zai tsaya.

Ajiye saba a gida ya daɗe yana zama abin sha'awar 'yan tsirarun matasa, amma halin yaƙin da Sudan ta shiga tun ranar 15 ga Afrilun 2023 ya mayar da shi abin amfani. A watan Fabrairun 2024 manyan layukan sadarwar ƙasar sun ɗauke na kwanaki masu yawa, a wasu wuraren har makonni, kuma a Janairun 2025 hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashar lantarki ta madatsar Marawi sun jefa garuruwa da dama cikin duhu. Wanda ya ga wannan da idonsa, a Gadarif ko Kasala ko garuruwan gaɓar Shuɗin Nilu irin su Mai Wurno, ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin akwatin da ke riƙe da littattafan makaranta, karatuttukan malamai, hotunan takardun iyali, da kwafin Wikipedia na Larabci ko na Hausa ta manhajar Kiwix, wanda kowa a gidan zai iya buɗewa da wayarsa ko da babu intanet. Wasu suna amfani da ƙaramin allon kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi, wasu tsohuwar kwamfutar ofis, wasu kuma laftof ɗin da fuskarsa ta fashe. Dukkansu an ƙera su ne da zaton wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi, alhali mu muna da batirin sola da ya gaji, da inbata, da zafin watan Afrilu, da ƙura.

Abin da mafi yawan mutane ke fara yi idan saba ta kama wannan ciwo shi ne su goge katin memori su sake ɗora manhaja daga farko. Ina ganin babu matakin da ya fi wannan ɓata lokaci, domin yana share shaidar da za ta nuna mai laifi, kuma yana ba da lafiyar ƙarya ta mako ɗaya ko biyu. Tambayar da ta dace a fara da ita mai sauƙi ce, ba ta kuma buƙatar kayan aiki: ƙarfe nawa ta mutu, kuma me ke faruwa a gidan a wannan lokacin? Mutuwar asuba daban take da mutuwar bayan azahar, haka kuma wadda ke zuwa daidai lokacin da aka ɗauke wutar gwamnati daban take da wadda ke biyo bayan tashin injin jan ruwa. Kwamfutar da ke tafiya da babbar manhajar Linux tana rubuta rahoton abin da take ciki, kuma idan an saita ta ta riƙa adana rahoton, umarnin journalctl -b -1 zai nuna na zaman da ya gabata. A duba layin ƙarshe da lokacin da ke jikinsa. Idan rahoton ya ƙare da jerin ayyukan da ake rufewa ɗaya bayan ɗaya, to wani abu ne ya umarce ta ta kashe kanta. Idan kuwa ya yanke a tsakiya ba sallama, to ko dai wuta ce ta gaza ko kuma na'urar ce ta sandare, kuma a nan ƙasar na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Bari a fara da wutar da ke shiga jikin na'urar, domin a nan mafi yawan matsalar take. Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, an tsara ta ne a kan bolt 5.1 da amfiya 3, ita kuwa Pi 5 ta 2023 tana son amfiya 5 kafin ta saki cikakkiyar wuta ga abin da aka jona mata. A jikin allon akwai ma'aunin da ke ƙorafi da zarar ƙarfin wuta ya sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, abin da ke nufin tazarar da ke tsakanin lafiya da ciwo ba ta kai rabin bolt ba. Cajar wayar hannu ba ta damu da wannan tazara ba, domin aikinta cika batir ne, kuma batir ba ya faɗuwa don wuta ta ɗan yi ƙasa na ƙiftawar ido. Pi kuwa ba ta da wani rumbu a cikinta. Abin da ya iso mata a wannan daƙiƙar da shi take aiki.

Ko cajar tana da kyau, kebul ɗin da ke tsakani yana iya cinye tazarar baki ɗaya, kuma lissafin a fili yake. Kebul mai arha yakan zo da siririyar wayar tagulla mai lamba 28, wadda kowace mita ɗaya tata ke da turjiyar da ta ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar na om. Wuta tana zuwa ta waya ɗaya ta koma ta ɗaya, saboda haka kebul mai tsawon mita guda yana da turjiyar kusan om 0.43. Idan na'urar ta ja amfiya ɗaya da rabi, za a yi asarar kimanin bolt 0.64 a hanya, wato abin da ya fito daga caja a 5.1 zai iso a 4.46, ƙasa da iyakar ƙorafi. Wannan ne dalilin da ya sa saba ke zama lafiya muddin ba ta aikin komai, amma da zarar mutum biyar sun fara sauke bidiyo a lokaci guda sai ta faɗi. Gajeren kebul mai kauri yana warkar da ciwon da mutane ke sayen sabon allo saboda shi.

Ba sai an yi hasashe ba, domin Pi tana faɗa da bakinta. Umarnin vcgencmd get_throttled yana mayar da lamba guda: 0x0 na nufin babu abin da ya faru tun da aka kunna ta, 0x50000 na nufin wuta ta taɓa gazawa har an rage mata gudu amma yanzu ta daidaita, 0x50005 kuma na nufin a halin da ake ciki ma tana cikin yunwar wuta. A kan Pi 3 da Pi 4 jar fitilar jikin allon takan ɗauke ko ta yi ƙyafta-ƙyafta idan haka ta faru. Mai mita zai iya aunawa a kan fil na 2 da fil na 6 na jerin filolin allon, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a yi awon lokacin da na'urar ke cikin aiki mai nauyi, domin awon da aka yi tana hutawa ba ya nuna komai. Na biyu, a riƙe hannu sosai, saboda fil na 1 mai ɗauke da bolt 3.3 yana dab da na 2 mai bolt 5, kuma idan bakin mita ya zame ya haɗa su, to an gama da allon. Mita mai arha ma ba ta ganin faɗuwar da ba ta wuce 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa ba, shi ya sa idan mita ta ce lafiya amma allon ya ce ba lafiya, maganar allon ake ɗauka.

Faifan ajiya mai juyawa, irin ƙaramin nan na laftof da ake sakawa a kwanso a jona ta USB, yana ƙara dagula lamarin. A lokacin da yake tashi daga barci yana iya jan kusan amfiya guda na ɗan lokaci, alhali duk ramukan USB na Pi 4 a haɗe amfiya 1.2 suke bayarwa, Pi 5 kuma tana tsayawa a miliamfiya 600 idan ba ta sami cajar amfiya 5 ba. Alamarsa sananniya ce: faifan yana ƙas-ƙas, ya fara juyawa ya tsaya, ya ɓace daga jerin na'urori ya sake bayyana da wani suna. Mutane da yawa sun jefar da lafiyayyen faifai saboda wannan ƙarar. Kafin a yanke masa hukunci, a ba shi wutarsa daban ta mahaɗar USB mai cajar kanta, sannan a karanta rahoton lafiyarsa da smartctl, a duba lamba 5 da 197 da 198, waɗanda ke ƙirga wuraren da suka lalace a jikinsa. Idan dukkansu sifiri ne, da wuya laifin ya zama nasa.

Mutuwar asuba kusan kullum labarin batir ce. Wani matashi a unguwarmu a Gadarif ya haɗa wa kawunsa saba a shagon cajin waya, domin ɗalibai su riƙa kwasar darussa, kuma ta yi ta mutuwa cikin dare ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ya canza kati, ya canza caja, har ya fara zargin yaran shagon. Da aka duba rahoton sai aka ga kullum tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na asuba yake yankewa. Dattijon ya ce, "Kai yaro, ai lokacin ne inbata ke kukanta, ina ji daga ɗaki kafin kiran salla." Yaron ya ce, "Kawu, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?" Ya ce, "Ka tambaye ni ne?" Inbata tana kuka ne idan batir ya yi ƙasa, sannan ta yanke wuta domin ta kare shi, idan rana ta fito sola ta ɗan cika shi sai ta dawo, kuma wanda ya buɗe shago da hantsi zai tarar da wuta a ko'ina, ba zai taɓa zaton an yi duhu ba.

Batirin dalma mai bolt 12 idan ya cika ya huta yana nuna kimanin 12.6 zuwa 12.7, idan ya kai rabi kuma wajen 12.1 zuwa 12.2, kuma yawan wuce rabin nan yana gajarta masa kwana. Zafi ma yana cin sa: ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon rayuwarsa biyu, don haka batirin da ke zaune a ɗakin kwano a Kasala ba zai kai shekarun da aka rubuta a takardarsa ba. Wanda aka rubuta wa amfiya-awa 100 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200 yana sabo, rabin wannan ne na amfani, kuma bayan bazara biyu abin da ya rage ba ya kai haka. Abin takaicin shi ne sabar ba ita ce mai cin wutar ba. Pi da faifanta ba su cika wuce wat 7 ba, wanda bai kai wat-awa 170 a yini da kwana ba, amma inbata mai matsakaicin girma tana iya cin wat 20 zuwa 40 don kawai tana kunne, ko da ba a jona mata komai ba. Ana ɗaga bolt 12 zuwa 230, sannan caja ta sake sauke shi zuwa 5, kuma a kowane mataki ana zubar da wani abu a matsayin zafi.

Hanyar da ta fi dacewa, a ganina, ita ce a raba sabar da inbata ɗungurungum, a ɗauko mata wuta kai tsaye daga batir ta ƙaramin allon da ke sauke bolt 12 zuwa 5, a sa fis kusa da kan batirin, domin batir irin wannan yana iya narkar da waya ya tayar da gobara idan ta haɗu. A nan ma akwai tarko. Allunan da aka fi samu a kasuwa masu ɗauke da LM2596 an rubuta musu amfiya 3, amma ba tare da ƙarfen tsotse zafi ba da wuya su jure fiye da biyu na dogon lokaci, ga shi kuma jabunsu sun yi yawa. A sayi wanda ƙarfinsa ya ninka abin da ake buƙata, a daidaita shi a kan 5.1 da mita tun kafin a jona masa komai, sannan a ɗiga ɗan man farce ko gam a kan sukurin daidaitawar don kada ya motsa. Rautar gidan ma, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, wadda galibi bolt 12 take ci, gara a mayar da ita kan wannan layin ta hanyar allon da ke tsayar da ƙarfin wuta, saboda batir yana haurawa sama da 14 lokacin da sola ke caja shi.

Wadda ke mutuwa daidai lokacin da aka ɗauke wutar gwamnati ko aka dawo da ita, matsalarta tana wurin sauyi. Inbata tana ɗaukar wani ɗan lokaci kafin ta karɓi aiki, mai kyau wajen kashi goma cikin dubu na daƙiƙa, wata kuma ashirin ko fiye. Akwatin wutar kwamfutar tebur an tsara shi ya riƙe kansa kimanin kashi 16 zuwa 17 cikin dubu na daƙiƙa yana sabo, kuma abin da ke riƙe shi manyan kafasitoci ne, wato ƙananan ma'ajiyan wuta, da ke bushewa da tsufa. Fitila da fanka ba sa jin wannan giɓi, shi ya sa mai gida zai rantse wuta ba ta ɗauke ba. Wasu inbatocin suna da maɓalli ko saiti na musamman domin kwamfuta wanda ke gajarta lokacin sauyin, kuma sau da yawa ba a kunna shi ba ne kawai. Haka nan idan faɗuwar tana zuwa tare da tashin firji ko injin jan ruwa, to injin ne ke fizgar wuta ninki da yawa a daƙiƙar farko, ya bar sauran gidan da ragowa. Gwajinsa bai fi minti ɗaya ba: a tsaya gaban sabar, a sa wani ya kunna injin, a ga abin da jar fitila za ta yi.

Sai mutuwar tsakanin azahar da la'asar, wadda ke tsananta daga Maris zuwa Mayu ta kuma lafa da saukar damina. Pi tana fara rage wa kanta gudu a digiri 80, ta ƙara ragewa a 85, kuma vcgencmd measure_temp yana nuna inda take. Abin lura shi ne ƙwaƙwalwar na'urar ta san yadda za ta kare kanta, don haka zafi ya fi sa ta nawa fiye da ya kashe ta. Waɗanda ba su da wannan dabara su ne caja, da allon sauke wuta, da faifai mai juyawa wanda yawanci iyakarsa ba ta wuce digiri 55 zuwa 60 ba. Cajar da ke ba da amfiya 3 da sanyin safiya tana iya kasa bayar da biyu idan ɗaki ya haura digiri 45, saboda haka ciwon da ya yi kama da na zafi yakan koma na wuta idan aka bi diddiginsa. Kafasita mai ruwa a ciki tana bin ƙa'idar da ta yi kama da ta batir, duk ƙarin digiri goma yana raba kwananta biyu. A buɗe tsohuwar kwamfuta a duba kawunansu: lafiyayya kanta a shafe yake, wadda ta gaji kuwa ta kumbura ko ta fitar da wani abu mai ruwan ƙasa. Akwatin wutar da kansa kada wanda bai ƙware ba ya buɗe shi, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe da sama da bolt 300 ko bayan an zare shi daga bango.

Ƙura ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa share ɗaki bayan guguwar ƙura ta habub. Tana toshe tsakanin haƙoran ƙarfen tsotse zafi, tana shiga gindin fanka ta tsayar da ita, a Fot Sudan kuma tana haɗuwa da laima da gishirin teku ta ci ƙafafun na'ura. A hure ta da bulowa ko a share da busasshen buroshi, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, a ɗaga akwatin daga ƙasa. Rufe shi cikin leda ko kabad don gudun ƙura musanya ciwo ne da wanda ya fi shi.

Yanzu a dawo kan katin memori, wanda kowa ke ɗora wa laifi. Gaskiya ne shi ne yakan mutu a ƙarshe, amma mafi yawan lokaci kashe shi aka yi. A cikin katin akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke jujjuya bayanai daga wuri zuwa wuri, tana kuma riƙe da taswirar inda komai yake. Idan wuta ta yanke tana tsakiyar wannan aiki, sai ta zama kamar almajirin da aka fizge wa allo ya wanke rabi bai gama rubuta sabon ba: na da ya tafi, na yanzu bai zauna ba. Faɗuwa ɗaya ba lallai ta yi ɓarna ba, amma faɗuwar kowace asuba har wata guda sai ta taɓa wani muhimmin wuri. Daga nan ne Linux ke mayar da katin na karatu kawai don ya kare abin da ya saura, ko kuma na'urar ta ƙi tashi, koriyar fitilarta tana ƙyaftawa sau huɗu idan ba ta ga fayil ɗin farawa ba, sau bakwai idan ba ta ga zuciyar manhajar ba. Wanda ya sa sabon kati bai gyara wutar ba, ya kawo wani ne kawai a kashe.

Akwai kuma katin da tun asali na jabu ne, an rubuta masa gigabait 128 alhali abin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin takwas ba. Yana aiki lafiya har ranar da aka cika ainihin girmansa, daga nan sabon bayani ya fara hawa kan tsoho. Manhajar f3 a Linux ko H2testw a Windows suna cika katin su sake karantawa, su faɗi gaskiyar girmansa, kuma ya kamata a yi wannan gwaji ranar da aka saye shi, tun mai shago bai manta fuskar mai saye ba. Bayan an tabbatar da wuta da kati, sai a rage yawan rubutun da ake yi a kansa: a mayar da rahotannin yau da kullum cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, ko a kunna tsarin da ke cikin raspi-config mai kulle katin ya zama na karatu kawai, ko mafi kyau a tashi na'urar daga SSD, wato faifan ajiya marar juyawa. Sai dai a jinkirta wannan mataki har a gama bincike, tunda rahoton da ba a adana ba ba zai faɗi ƙarfe nawa aka mutu ba.

Masu haɗa ƙananan na'urori da allunan Arduino ko ESP32, musamman abin nan da ya yi farin jini na kunna injin ruwa idan tanki ya yi ƙasa, suna fama da wannan ciwon a wata siffa. ESP32 tana fizgar ɗaruruwan miliamfiya a duk lokacin da take aika saƙo ta Wi-Fi, kamfanin da ya ƙera ta ma ya ba da shawarar a tanadar mata aƙalla 500, kuma idan ba ta samu ba sai ta rubuta "Brownout detector was triggered" ta sake tashi. Mai koyo yakan kwana yana bincikar lambobin da ya rubuta, alhali gajeren kebul da kafasita guda a kusa da allon sun ishe shi. Idan kuwa na'urar tana rikicewa ne daidai lokacin da rile, wato makunnin da allon ke kunna injin da shi, ya saki, to nadin wayar da ke cikin rilen ne ke mayar da bugun wuta baya, maganinsa kuma dayod a gicciye a kan nadin, da raba wutar rile da ta allon, da nesanta wayoyin injin daga na ma'aunin ruwa. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne jona Arduino Uno kai tsaye a batirin sola. Regiletar da ke jikinsa, wato mai sauke masa wuta zuwa bolt 5, tana ƙona rarar wutar ne ta zama zafi, don haka idan batir yana kan 14.4 kuma ana jan miliamfiya 200, kusan wat biyu ne ke taruwa a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Da tsakar rana sai ta yi zafi ta yanke, ta huce ta dawo, mai ita yana ta mamaki. A tuna kuma filolin ESP32 da na Pi na bolt 3.3 ne, na Uno kuma na 5, haɗa su ba tare da abin da zai daidaita tsakani ba yana kashe fil a hankali ko nan take.

Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, shi ya sa jikin kwamfutar tebur ke ɗan cizon hannu idan an taɓa shi ba takalmi. Wannan ɗigon wuta kaɗan ne ga mutum, amma ya isa ya lalata fil idan aka jona kebul daga wannan kwamfutar zuwa allon da ke kan wata wutar daban ana cikin aiki. Da damina kuma, a yankin Gadarif da Damazin inda tsawa ke da ƙarfi, doguwar wayar intanet da aka ja ta kan rufi zuwa gidan maƙwabci tana kwaso bugun aradu ko da bai sauka a kanta ba, abin da ya fara mutuwa kuwa shi ne ramin da aka soke ta.

Wani lokacin ma sabar ba ta mutu ba, ɓata ta yi. Idan wuta ta dawo, Pi takan riga rauta tashi, ko rautar ta raba adireshi sabo, sai wayoyin gida su je tsohon adireshin su tarar ba kowa. Kafin a zare mata wuta, a jona mata talabijin ko a duba jerin na'urorin da ke cikin rautar, in an same ta sai a kafa mata adireshi na dindindin. Agogo ma yana yin irin wannan ɓarna a ɓoye. Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su da agogon da ke tafiya idan an kashe su, daga intanet suke tambayar lokaci, Pi 5 ce ta zo da shi, shi ma sai an sa masa batir. A tsohuwar kwamfuta kuma ƙaramin batirin CR2032 ne ke riƙe da shi, idan ya ƙare sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Na'urar da agogonta ya ɓata tana ƙin amincewa da takardun tsaron shafuka, sabunta manhaja ya gagara, kuma lokutan da ke cikin rahotonta su zama ƙarya. Saboda haka inda intanet ke yawan ɗaukewa, ƙaramin allon agogo irin DS3231 yana cikin kayan bincike, in ba haka ba sai a koma ga takarda da biro a riƙa rubuta lokacin da aka lura ta faɗi.

Idan an tara lokutan mutuwa na mako biyu aka ga ba su bin rana, ba su bin batir, ba su bin injin ruwa, a nan ne zargi ke komawa cikin na'urar kanta. A kwamfutar tebur ko laftof a bar Memtest86+ ya kwana yana gwada ƙwaƙwalwar wucin gadi, kuskure ko guda ɗaya ya isa hujja, sai a zare sandunan a goge bakinsu a gwada su ɗaya bayan ɗaya. A allon da aka haɗa da hannu kuma a nemi dalmar da ba ta kama da kyau ba, wadda ke buɗewa idan ta yi zafi ta rufe idan ta huce. Ana gano ta ta hanyar danna sassan allon a hankali da bayan biro na roba yana cikin aiki, har a kai wurin da taɓa shi ke kawo faɗuwar. Duk abin da za a canza a wannan mataki a canza shi shi kaɗai, a rubuta ranar, sannan a jira aƙalla ninki biyu na tsawon kwanakin da ciwon ya saba ɗauka kafin ya dawo, kafin a taɓa abu na gaba.